Zalɓen Baba Audi

Ƙafafun Hamisu sun nutse cikin taɓo har ƙauri, sauro ya mai da wuyansa gidan biki, amma bai yarda ya motsa ba. Can bakin ruwa zalɓe ya sauka, yana taku ɗaiɗai kamar mai gudun jiƙa wando. Hamisu ya kara ido a kyamara, ya murza dogon gilashin nan mai jawo abin nesa, har ƙwayar idon tsuntsun ta fito tar.

"Sannu da aiki, mai hoto!"

Fir! Zalɓe ya tashi. Wani mai noman rani ne da fartanya a kafaɗa, yana ta washe baki. Hamisu ya haɗiye abin da ya taso masa, ya amsa gajiya, ya amsa iyali, har da yaya sauro.

Tun hantsi haka ake yi masa a bakin kogin nan ta bayan Malali. Kowa ya zo wucewa sai ya gaisa, wani ma cewa ya yi a jira shi ya je gida ya sako babbar riga. Fim ya tafi a kan ruwa da jelar tsuntsu, saura hoto guda. Gilashin kuma aro ne, na abokinsa Nuhu ɗan jarida, kuma da yamman nan zai karɓi kayansa ya wuce Legas.

Shi Hamisu ina ruwansa da tsuntsu? Sana'arsa hoton biki da na fasfo a shagonsa na Hayin Banki. Saboda mahaifinsa ne, Baba Audi, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana su a kogin nan, yanzu ƙafafu sun daina ɗaukarsa. Kullum yana kwance yana kallon silin. Ran nan ya ce, "Ni dai da zan sake ganin zalɓe tsaye a ruwa, ko da sau ɗaya ne." Likita kuwa ya riga ya ja Hamisu gefe ya gaya masa abin da ba ya son ji.

Bayan azahar zalɓen ya dawo. Hamisu ya lafe cikin ciyawa, ko numfashin kirki ya daina. Tsuntsun ya miƙa wuya, ya tsaya cak, rana ta haska shi yadda ake so.

"Salamu alaikum!"

Daga kan ruwa muryar ta fito. Hamisu ya cije leɓe. Wannan karon ko wane ne sai dai ya yi haƙuri.

"Na ce salamu alaikum! Bawan Allah, lafiya kake kwance a ciyawa?"

Shiru. To mutum ya yi sallama an ƙi amsawa, ai ba lafiya ba. Sai ga kwalekwale ya yanko da sauri, daidai inda zalɓen yake. Tsuntsu ya buɗe fiffike, yatsan Hamisu ya danna, ƙyas! Fim ya ƙare.

Ya miƙe, taɓo na zuba daga gwiwarsa. Wani tsohon masunci ne mai hular saƙi, yana leƙensa cike da damuwa.

"Haba dattijo! Haba don Allah! Dole ne sai an gaisa? Ka kashe mini aikin yini guda!"

Tsohon ya dube shi. Ya juya kwalekwalensa ya tafi.

Hamisu ya miƙa wa Nuhu gilashinsa ko godiyar kirki babu, ya shige ɗakin wankin hoto yana tsaki. Da hoton ya fito sai ya ji kamar ya yage shi. Na zalɓe, ƙafafu kawai suka samu shiga, can sama a kusurwa. Tsakiya kuwa fuskar tsohon ce raɗau, baki buɗe yana sallama, har giɓinsa ana gani.

Haka ya kai wa Baba Audi, don kar a ce bai je ba.

"Baba, ka yi haƙuri. Ga dai ƙafafun. Wani tsoho ne ya..."

Baba Audi ya kai hoton kusa da ido.

"Ɗanasabe! Wallahi Ɗanasabe ne! Ka ga giɓin? Ni na yi masa shi da filafili muna samari. Ashe yana raye? An ce mini ya rasu tun bara!"

Ya yi dariya har ta zama tari, hawaye na gangarowa cikin gemu. Rabon da Hamisu ya ji dariyarsa tun kafin ya kwanta. Ko kallon kusurwar da ƙafafun zalɓe suke bai yi ba.

"Ka gaya masa kai ɗana ne? Me ya ce? Kun dai gaisa sosai ko?"

Kunya ta rufe Hamisu. Ya dubi taɓon da ya bushe a wandonsa, ya laluba aljihu ya ciro makullin babur ɗinsa Besfa.

"Ina kuma za ka, ga magariba ta kawo kai?"

"Kogi, Baba. Na baro sallama ban amsa ba."