Agwagwa Mai Ido Ɗaya a Bangon Aji

Iya mai wanki ta shigo ajin tarihi da labule a kafaɗa, tana mitar ƙugiyoyin da yara suka karya. Ta jawo kujera za ta taka ke nan, idonta ya faɗa kan bango. An lilliƙa tsofaffin hotuna tun daga bakin ƙofa har allo. Iya ba ta taɓa zama a aji ba, amma hoto ai ba sai an karanta wa mutum ba.

Na farko wata mata ce da farar safar hannu, tana murmushi, tana jefa takarda a akwati. Iya ta gane ta sarai, matar babban jami'in rajistar zaɓe ce, wadda suke wanke wa zannuwan gado a da. Na kusa da shi zanen jarida ne. Agwagi a layi, kowacce da ɗankwali, ɗan sanda yana korarsu da tsintsiya. Ta gaba ta fi sauran tsawon wuya, an ɗaure mata ido ɗaya da tsumma, dutsen guga na reto a fiffikenta.

Labulen ya zame ƙasa.

Yayar Iya ce. Ita ta tara mata masu wanki suka tsaya a ƙofar ofishin rajista, zamanin da mace ba ta da ƙuri'a, har kulkin ɗan sanda ya fasa mata ido. Da zanen ya fito, unguwa ta kama kiranta Agwagwa, yara na binta suna kwak-kwak. Da wannan suna ta mutu, kuma ba ta taɓa jefa ƙuri'a ba, don kafin a buɗe wa mata ƙofar ta riga ta kwanta dama.

Malamin tarihi ya shigo, matashi, da alli a hannu.

"Sannu da aiki, Iya."

"Riƙe sannunka. Wa ya liƙa wannan?"

"Ni ne. Darasin 'yancin zaɓe muke yi. Ina nuna musu yadda aka wulaƙanta matan da suka fara nema, sai su gwada da wancan hoton."

"Suna dariya?"

Malam ya gyara tabarau. "Da farko suna yi. Daga baya..."

"Da farko! Ɗan nan, uwarka ce aka yi wa baki da fiffike? Wannan da ka rataye yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tana kabari ma ba za ku bar ta ta huta ba?"

Malam ya ajiye allin. Ya roƙe ta ta zo gobe ta ba yaran labarin da bakinta.

"In tsaya a gabansu su ce ga ƙanwar agwagwa? Allah ya kiyaye."

"To ko kina da hotonta na gaske, in sa a madadinsa?"

"Wa zai ɗauki mai wanki hoto? Cire shi. Cire shi yanzu, ko in tara maka jama'a!"

Ta kuwa tara. Muryarta ta cika baranda, malamai suka leƙo, shugaban makaranta ya fito daga ofis yana ba ta haƙuri. Malam ya ɓamɓare zanen a hankali, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta fizge, ta fita tana huci, ranta fes, ta ƙwato wa yayarta mutunci.

A gida ta hura gawayin guga don ta ƙone shi. Ta ɗaga takardar sama da garwashi, sai ta tsaya. La'anannen mai zanen nan ya iya aikinsa. Wuyan nan na yayarta ne. Haka take karkata kai in za ta yi faɗa, haka take ɗaurin ɗankwali ya sauko goshi. Shekara da shekaru Iya na ƙoƙarin tuno fuskar, ta gagara, yau ga ta a jikin agwagwa. Maimakon ta ƙone shi, sai ta shimfiɗa tsumma a kai, ta goge inda ya yamutse da dutsen guga.

Bayan 'yan kwanaki da ta koma da sauran labulen, ta tarar ana darasi. An matso da hoton matar jami'i tsakiyar bango, ya rufe gurbin.

"Wace ce ta buɗe wa mata hanyar zaɓe?" in ji wata yarinya da aka sa ta yi bita.

"Matar jami'i!" ajin ya amsa baki ɗaya.

Iya ta jira aka tashi. Ta kwance bakin zane, ta ciro takardar.

"Ungo. Mai da ta. Amma ka gaya musu ido ne aka fasa, ba ado ta ɗaura ba."

Malam bai miƙa hannu ba. "Iya, tun ranar nan shugaba ya hana liƙa kowane zane a bango. Ya ce ba ya son rigima. Hotunan hukuma kawai aka bari."

"Ni na yi rigimar, ni na janye."

"Na gaya masa. Ya ƙi."

Iya ta dubi matar jami'i, da farar safar nan, irin wadda yayarta ta sha wanke mata. Ta naɗe takardar, ta mayar bakin zane, ta taka kujera. Ƙugiyoyin har yanzu a karye suke, ba wanda ya gyara.