Fim Ɗin Da Ya Cancanci Idon Baba

Aikina shi ne in kalli fim, in faɗa wa mutane ko su je ko su yi zamansu a gida. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da shafin silima na wata jarida, kuma ƙarshen kowane wata editanmu yakan sa in yi waiwaye, in jero abin da ya fito, in raba musu taurari daga ɗaya zuwa biyar. A ofis Mai Rowa ake ce min, domin kafin tauraro na huɗu ya fita daga hannuna sai an sha wuya. A da har alfahari nake da sunan. Waiwayen da na rubuta a kan wata mafi zafi na bazarar bara, har yau ana yaba min shi, ni kuwa ko ganin shafin ba na son yi.

Mahaifina shekara talatin da huɗu ya yi yana aikin injin majigi a gidan silima. Ɗan ɗaki ne a can sama, bayan 'yan kallo, inji biyu a jere, fanka ɗaya mai kuka, sai 'yar taga da ba ta wuce tafin hannu biyu ba. A zamaninsa fim a naɗe yake zuwa cikin gwangwanaye, kowane naɗi minti ashirin. Idan naɗi ya kusa ƙarewa, wani ɗan ɗigo yakan ɓullo a kusurwar allo ta sama, hannun dama. Ɗigo na farko ka tayar da ɗayan injin, na biyu ka juya haske gare shi. In ka kuskure, allo ya yi fari fat, jama'a su juyo sama suna ihu suna zagin mai inji tun daga kan kakansa. Baba ya ce shi ba a taɓa zaginsa ba, kuma na yarda da shi.

"Auta," yakan ce min, don ni ce ƙaramarsa, "na san kusurwar dama ta fim ya fi dubu. Amma ki tambaye ni wa ya auri wa, wa ya kashe wa, wallahi ban sani ba. Ƙarar inji ma ba ta barin mutum ya ji magana."

Da ya ajiye aiki sai ya ce shi da silima har abada, ya koma gidan yayata da zama, yana kiwon tattabaru a baranda. Idonsa na hagu ya daɗe da mutuwa. A farkon wancan watan kuma na dama ya soma rufewa daga gefe, na ɗauke shi muka je asibiti. Likitar ta daɗe tana haska masa fitila, sannan ta ja ni waje. Ta ce jijiyar ce take mutuwa, magani sai dai ya rage mata gudu.

"Abin da yake son gani, ku bar shi ya gani yanzu," in ji ta.

"Yanzu, kamar wata nawa ke nan?"

"Ba zan yanke miki ba."

Ni da na saba fassara abin da ba a faɗa ba, sai na fassara mata maganarta da kaina. Na ce a raina, to, muna da watanni.

A hanyar komawa fitilar titi ta tsayar da mu daidai gaban sabon gidan silimar da ke kusa da tashar jirgi. An lulluɓe bangon da hotunan finafinan hutu. Baba ya karkata kai yana leƙen su da abin da ya rage masa, har na bayanmu ya danna mana oda.

"Auta, ki kai ni in zauna a ƙasa," ya ce. "A tsakiya, kamar mutane. Sau ɗaya tak, in kalli tsakiyar allo, in kashe ƙwarƙwatar idona."

"Wanne kake so, Baba?"

"Ko wanne. Ai ke ce gwana."

Wannan "ke ce gwana" ita ta kai ni ta baro. Na kwana na tashi da ƙuduri ɗaya: fim ɗin ƙarshe da mahaifina zai gani ba zai zama tarkace ba. Sai na tace, sai na zaɓa, sai na samo wanda ya cancanci idonsa. Na ji daɗin kaina ƙwarai, ina ganin babu 'yar da ta kai ni sanin ya kamata.

Mu 'yan jarida ranar Alhamis da safe ake nuna mana sabon fim, kafin a saki wa jama'a. Zaure fayau, mu takwas ko tara a warwatse, kowa na rubutu cikin duhu, layi kan layi. A makon farko biyu suka fito. Na farkon na yaƙi ne, wasu injina sun yi wa mutane tawaye, awa biyu da rabi ana rushe gine-gine har kaina ya yi ciwo. Na biyun na barkwanci ne, a kan masu aski biyu da suke haya a shago ɗaya ba sa ga maciji da juna, har sun ja layi da fenti a tsakiyar ƙasa. Na yi dariya, ba zan ɓoye ba, har sau uku, ta ukun ma sai da na share hawaye. Amma na rubuta cewa shirme ne mai daɗin lasa, na ba shi tauraro biyu. Na kira Baba a waya.

"Wannan makon ba su kai ba, Baba. Mu ɗan jira."

"To, Auta. Kin fi ni sani."

Mako na biyu aka kawo na soyayya, wata ma'aikaciyar jinya da direban motar asibiti. Matar da ke gefena ta yi kuka har da shessheƙa, ni kuwa na rubuta "hawayen haya" a littafina na ja masa layi biyu. Sai na ban tsoro, wani gida da ake jin tafiya a rufinsa. Wannan kam ina da hujja, don rabinsa a duhu aka ɗauka, mai ido biyu ma da ƙyar yake gane wa ke gudu. Shi kaɗai ne cikin dukansu ba na cizon yatsa a kansa. Na sake kiran Baba, ya sake ce min to. Ya tambaye ni aikin ofis, ya ba ni labarin tattabararsa da ta yi ƙwai.

A mako na uku katun ya fito, wato fim ɗin zane, tun da yara suna hutu. Wata akuya ce take son ta zama direban jirgin sama. Launi ja da rawaya da shuɗi, haske kamar ya tsaga allon. Yayata ta kira ni da kanta, abin da ba ta cika yi ba, don ita ba ta son waya.

"Auta, ki zo ki kai shi wannan na akuyar. An ce yana da haske, zai fi gani."

"Haba Yaya! Mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu a kan inji, shi zan kai kallon akuya mai magana?"

"Ke, shi bai ce miki yana neman na masu ilimi ba. Kowace Asabar sai ya sa na goge masa farar rigarsa, ya zauna kusa da ƙofa har magariba. Jiya ma a gefen kofi ya zuba shayi."

"Mantuwa ce ta tsufa. Ki ba ni kwana goma kacal. Akwai wanda ke zuwa ƙarshen wata, shi nake jira."

"Ke dai da taurin kai aka haife ki," in ji ta, ta kashe wayarta.

Ba ƙarya na yi mata ba. Akwai wani tsohon darakta da ba ya fitar da fim sai bayan shekara shida ko bakwai, kuma nasa ne ke tafe. Tsakanin nan wani na ɓarayi ya zo ya wuce, 'yan fashi biyar da wani banki mai ƙofa bakwai, mai kyau ne daidai gwargwado, na ba shi uku. Ko kiran Baba ban yi ba a kansa, na san abin da zai ce.

Ranar Alhamis ta ƙarshe na ga wanda nake jira. Labarin wani dattijo ne mai gyaran kwalekwale a bakin tafki. Na fito ban rubuta ko kalma ɗaya a littafina ba. Shekara huɗu rabona da in ba fim tauraro biyar. Tun daga bakin ƙofa na buga waya.

"Baba, ya zo! Asabar ƙarfe huɗu, ka shirya."

"Ai a shirye nake," ya ce.

Na same shi cikin farar rigar, ya sa turare, tabarau na sheƙi. Da za mu fita sai ya kama gwiwar hannuna, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce gwiwoyinsa ne suke masa ciwo. A waje rana na ƙwallewa, ya ɗaga fuska ya ce ai yana ganin haske sarai, har ya nuna min inda motata take, ko da yake ta maƙwabci ya nuna. Na ce ai launinsu ɗaya.

Ina da wata ɗabi'a ta 'yan aikinmu: ba na zama kallon tallace-tallacen da ake sawa kafin fim. Na san minti goma sha biyar suke ci, don haka sai da suka ƙare na shigar da shi, an riga an kashe fitilu. Muka gangara yana ƙirga matakala a hankali, na zaunar da shi a layi na takwas, kujerar tsakiya sak. Ya shafa hannun kujerar, ya jingina, ya yi ajiyar zuciya. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar.

Fim ya fara. Abin da na fi yabawa a cikinsa shi ne buɗewarsa: minti shida cur babu kiɗa, babu magana, babu ko motsin ruwa a kunne. Asuba ce kawai take ketowa a kan tafkin, toka-toka, dattijon yana tura kwalekwalensa daga nesa. Na saci kallon Baba don in ga yadda abin zai kama shi. Fuskarsa na sama, yana murmushi, yana jira.

Bayan kamar minti uku ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Auta, mai injin nan ya makara. An kashe fitila bai tayar ba."

Na dubi allon, ga tafkin nan, ga dattijon da kwalekwalensa.

"Kuma ba wanda ya yi masa ihu," ya ƙara, yana 'yar dariya. "Mutanen yanzu akwai haƙuri. A zamaninmu da tuni an ambaci kakansa."

Wani a bayanmu ya yi tsaki. Baba ya juya a kujerarsa, ba don mai tsakin ba, ya ɗaga kai can sama inda ya san tagar take. Hasken na fitowa daga cikinta, fari ƙal, yana ratsawa ta saman kawunanmu, kuma idonsa a kansa yake daidai. Ya daɗe a haka. Sannan ya juyo a hankali ya gyara zama.

"Ya tayar, ko?"

"Ya tayar, Baba. Tun ɗazu."

"To."

Ya cire tabarau, ya naɗe, ya sa a aljihun gaba. Na ji kamar in fasa ihu a tsakiyar zauren. Na ce masa ko mu tafi gida, ya girgiza kai.

"Saitinsa ya yi? Hoton bai karkace ba?"

"Ya yi tas."

"Madalla. Mu zauna."

Na soma raɗa masa abin da ke allon, sai na tarar ban iya ba. Shekara goma sha ɗaya ina rubutu a kan fim, amma abin da ke zuwa bakina sai "ya ƙayatar", sai "an nuna gwaninta". Da ƙyar na haɗa cewa ga ruwa, ga mutum, ga jirgi. Ya dafa bayan hannuna.

"Bari, kada mu dami mutane. Ke dai kalla."

Awa biyu da minti goma fim ɗin yake, kuma maganar cikinsa ba ta cika shafi uku ba. Baba bai yi gyangyaɗi ba, bai motsa ba, fuskarsa na fuskantar tsakiyar allo har aka kunna fitilu. Ni ban ga komai ba a wannan karon, ina ta lissafin Asabar ɗin da suka wuce, ina tambayar kaina a wacce ce cikinsu da zai iya gani.

Muka fito, rana ba ta faɗi ba tukuna. Yara suna ta fitowa daga ɗaya zauren da iyayensu, suna tsalle suna ihu. Baba ya tsaya a bakin ƙofa yana sauraronsu, iska mai zafi tana kaɗa masa riga.

"Tauraro nawa kika ba shi?" ya tambaye ni.

"Biyar."

"Biyar! Ke da kanki?" Ya yi dariya har da buga ƙafa. "To alhamdulillahi. Ashe jiran namu bai tashi a banza ba."

Na duba fuskarsa da kyau, ina neman gori, ina neman ko ɗigon fushi da zan riƙe in ba shi haƙuri a kai. Babu. Da gaske yake, murna yake taya ni. Ya miƙo hannu yana lalube a iska har ya sami kafaɗata.

"Riƙe ni, Auta," ya ce. "Ta ina matakalar take?"