Hular Doki

Likitan haƙori ne, amma a ƙaramin filin jirgin da ke bayan gari ya hana kowa kiransa da wani suna sai Kyaftin. Yana da jirgi mai kujera huɗu, da baƙin tabarau, da lasisin da ya yarje masa tashi muddin yana ganin ƙasa da idonsa. In rana ta fito, gwani ne. In gajimare ya sauko, sai ya koma ɗan ƙasa kamar kowa.

Akwai lasisi na biyu, na tuƙi da na'ura, wanda ke ba mutum izinin kutsawa cikin gajimare yana bin abin da alluran agogunan jirgi suka nuna. Ya taɓa farawa. A darasin farko malamin tuƙi ya miƙo masa wata hula mai dogon baki da ke tare tagogi, ba ka ganin komai sai agogunan gabanka. Kyaftin ya sa, ya hango kansa a gilashi, ya cire.

"Wannan ai ta doki ce," ya ce. "Ni in jirgi ya karkata, jikina ke gaya mini."

Malamin ya ce a cikin gajimare babu maƙaryaci kamar jiki. Kyaftin bai sake komawa ba. Matarsa, malamar lissafi, wadda ta yi lasisin farko don ta gaji da zaman jiransa a mota, ita ta ɗauki hular. Wata bakwai tana fama, har a falo takan zauna da ita a ka, taswira a cinya. Shi kuwa duk sanda ya gifta sai ya yi mata haniniya.

Surukarsa tana da yanar ido. Wata takwas ta jira kafin wani asibiti mai nisa ya sa mata ranar aiki, Talata ƙarfe sha ɗaya, wanda ya makara kuma ya koma ƙarshen layi. An shirya ta bi mota tun Litinin, tafiyar awa tara. Kyaftin ya hana.

"Mama, ku da kuke da suruki matuƙi? Awa ɗaya da rabi, ko shayinku bai huce ba."

Ranar Talata da safe gajimare ya sauko ya zauna kusan a kan rufin rumfar jirage. Kyaftin ya shiga ofishin yanayi da tabaransa a fuska, ko da yake babu ranar da zai kare. Ma'aikacin yana juya shayi da biro.

"Sai bayan la'asar zai ɗaga, Kyaftin."

"Akwai 'yar kafa ta can gabas, na gani."

"Hayaƙin janareta ne. Takardarka ta hasken rana ce, ba zan ce ka tashi ba." Ya kurɓi shayi. "Amma Malama ta shigar da takardar tafiya tun ɗazu. Ita tana da lasisin na'ura, an ba ta hanya."

Ya fito ya tarar da matarsa ta gama duba mai, ta zauna a kujerar hagu, kujerarsa. Ya nufi ta dama, sai Mama ta ce gwiwarta ba ta lanƙwasuwa, gaba za ta zauna. Haka Kyaftin ya shige baya, tsakanin jakar kaya da sandar tsohuwa.

Minti biyu da tashi duniya ta ɓace. Fari sama, fari ƙasa, ko ƙarshen fiffike ba a gani. Nan jikin nasa ya fara magana, ya gaya masa ƙarara cewa jirgi ya kwanta hagu.

"Malama, kin karkata."

"Allura ta ce daidai muke."

"Ni nake ji a jikina. Hagu muke faɗawa."

"Likita, jikinka ba ya cikin kayan aikin jirgin nan."

Ya damƙe kujera. Yanzu kuma jikin ya ce hawa suke, sai ya ce a'a, juyawa suke. Ya miƙa hannu zai taɓa kafaɗarta. Ba ta waiwayo ba, ta danna wani maɓalli, muryarsa ta ɗauke daga na'urar kunne, ta ci gaba da maimaita wa mutumin hasumiyar kula da jirage lambobi kamar tana kiran sunayen ɗalibai.

Mama ta juyo da kai, ta ɗaga murya don ya ji.

"Ɗan nan, lafiya? Ni shekara biyu haka nake ganin duniya, ban damu kowa ba."

Ya rufe ido har suka fara sauka. Da ya buɗe, gajimaren ya yage, ga titin jirgi miƙe a gabansu, daidai inda allurar ta yi ta nunawa.

Goma da kwata suna asibiti. Nas ɗin da ke rubuta suna ta tambayi yadda suka iso cikin wannan yanayi.

"'Yata ce ta tuƙo mu," in ji Mama. "Wannan mijinta ne, shi ya riƙe jaka."

Aka shiga da ita. Su biyu suka zauna a benci, tabarau a aljihu, jaka har yanzu a cinyarsa. Ya daɗe yana karanta wata sanarwa ta wanke hannu.

"Hular nan," ya ce, bai dube ta ba. "Tana nan?"

"Tana saman firij."

"Ba wai ina so ba ne. Tambaya na yi."

Malama ta buɗe jarida. Can, a hankali yadda nas ba za ta ji ba, ta yi masa haniniya.