Ɗigon Fari a Idon Zomo

Jar fitilar ta sake kamawa, karo na tara tun safe. Ɗan hannun ƙarfen ya zungure zomon roba daga kan layi, ya gangara cikin jan kwando. Liao Shufen ba ta ɗaga kai ba. Ba sai ta duba lambar tire ba, ta san inda ya fito. Tebur na bakwai ne, teburin mijinta.

Shekara goma sha ɗaya ke nan tana duba kaya a wannan masana'anta ta garin Shipai da ke lardin Guangdong, kuma abin da suke yi bai wuce tsawon yatsa ba. Zomaye ne masu kumatu, ana rufe kowanne a kwalinsa, mai saye bai san wanda ya samu ba sai ya yage. Kuma kada ka ce yara ke saye. Manya ne da gemunsu da albashinsu, su jera a kabad ɗin gilashi, su ɗauki hoto, su zuƙo idon zomo a waya kamar likitan ido. Fenti ya kauce da kaurin gashi ɗaya, kafin azahar duniya ta gani.

Jikin zomon inji ke zubawa, launinsa inji ke fesawa. Abu ɗaya ya rage wa hannun mutum, ɗan ɗigon farin nan da ke cikin ƙwayar ido, wanda ke sa zomon ya yi kamar zai fashe da kuka. A nan Tan Deming, mijin Shufen, ya yi suna. Zomon da ke cikin akwatin gilashi a kan teburinta, wanda mai zanen ta sa wa hannu a tafin ƙafa, wanda ake gwada kowane zomo da shi, shi ya ɗiga masa ido shekara shida da suka wuce. Zomon zinariya suke ce masa.

Abin da Tan bai sani ba, hannunsa ya fara rawa. Ba sosai ba. Ɗigon ne ke fitowa da ɗan wutsiya ta hagu. A aljihun rigar aikin Shufen kuwa akwai tsinken sakace da murfin kwalba mai ruwan goge fenti. Idan tiren tebur na bakwai ya iso, sai ta ɗan juya wa jama'a baya, ta share wutsiyar, ta wuce da shi. Ba wanda ya taɓa gani, shi ma ba ta taɓa gaya masa ba.

Sai aka kawo injin mai kyamara shida, aka dasa shi tsakanin teburan masu fenti da nata. Yanzu kaya ba ya isowa hannunta sai ya ratsa ta ƙarƙashinsa. Abin da ke ci mata rai shi ne ita ta koya masa aikin. Wata uku tana zaune gefen Injiniya Pang, ana nuna mata hotuna tana danna kore ko ja, kuma don a san ita ce Liao Shufen, ba ta ɗaga wa ko ƙura ƙafa ba. Kaza mai tone-tone dai ita ke tono wuƙar yankanta. Cikin masu duba kaya takwas, ita kaɗai aka bari.

Dokar da aka manna a bango ba ta da kwana. Wanda injin ya yi ta mayar masa da kaya kwana uku a jere, ya bar tebur. Yau kwana na uku. Tan yana da shekara hamsin da huɗu, takardun neman ma'aikata da ke ƙofar kowace masana'anta a unguwar kuwa a arba'in da biyar suke tsayawa.

Da rana a ɗakin cin abinci ya buɗe kwalbar barkonon da suka zo da ita daga Hunan, yana mitar da ya saba, wai mutanen Guangdong ruwan zafi suke dafawa su kira shi miya. Da cokali yake cin shinkafar. Ya daɗe da ajiye tsinkayen cin abinci, wai na kamfani santsi ne da su.

"Injin nan makaho ne, tsohuwa," in ji shi. "Shekara goma sha ɗaya, ko zomo ɗaya ya taɓa dawo mini? Ke ce shaida."

"Ci abincinka, tsoho."

"Yau zan yi wa Oga Qiu magana. Na gaji da raini."

Ta roƙe shi ya bari. Ta ce a yi shiru a ga yadda gobe za ta yi, ta ce ƙila a ɗaga masa ƙafa saboda daɗewa. Ya yi dariya, ya ce tun suna makaranta take da tsoro. Maganar ta zo mata har maƙogwaro, ta haɗiye ta da shayi. Ta yaya za ka dubi mutumin da abu ɗaya ya mallaka a duniya ka ce masa ya daɗe da rasa shi?

Ƙarfe uku Oga Qiu, shugaban sashen, ya sauko da takarda a hannu. Ba mugu ba ne, shi ma daga sama ake matsa masa. Ya je teburin Tan ya fara magana a hankali don kada a ji, amma Tan ya miƙe ya cire gilashin idonsa, ya ɗaga murya har masu fenti suka ajiye burushi. Ya ce ba zai bar tebur a kan maganar kyamara ba. Ya nuna akwatin gilashin ya ce a tambayi wanda ya ɗiga wa zomon zinariya ido.

"A ba Shufen ta duba. Idonta bai taɓa ƙarya ba. Abin da ta ce na yarda."



Oga Qiu ya dubi Injiniya Pang. Pang kuwa ta ce ai da ma haka tsarin yake, za a yi yadda aka saba. Za a ɗebo zomo ashirin daga tebura daban-daban, da wanda injin ya karɓa da wanda ya ƙi, a cire lamba a cakuɗa, Shufen ta ware. Da Pang take jera su a tire, ta sunkuyo kusa da kunnen Shufen.

"Yaya Liao, ki yi haƙuri. Abin da kika zaɓa ke ma zai shiga rahotonki. Kuma kowane ɗaya akwai hotonsa, za a haska a allo."

Cire lambar aikin banza ne. Ko cikin zomo dubu za ta gane hannun mutumin da ta aura. Ta ɗauki na farko, lafiya lau, kore. Na biyu, kore. Na uku ta ɗaga shi ƙarƙashin fitila, ga 'yar wutsiyar nan ta hagu tana kallonta.

Ta yi niyyar ƙarya, tabbas ta yi niyyar. Hannunta har ya nufi koren kwando. Amma in ta saka, Pang za ta haska hoton ya cika allo, kowa ya ga wutsiyar kamar ta ɓera, a ce mijin hannu ya tafi, matar ido ya tafi, su fita ƙofa tare. In kuma ta saka a ja, ita da kanta ta kore shi. Gaba kura, baya siyaki. Ta ɗaga ido tana neman ko zai gane, ko zai ce a bari. Yana tsaye ya harɗe hannu a ƙirji, yana murmushi irin na wanda ya kawo gwani fili.

"Duba da kyau, tsohuwa. Kar ki ji nauyin kowa."

Ta saka shi a ja.

Daga nan ba ta ƙara tunani ba, hannun ne ke aikinsa. Da ta gama, bakwai na cikin jan kwando. Pang ta duba allonta ta ce ashirin cikin ashirin, ita da injin bakinsu ɗaya. Sannan ta ƙara da cewa bakwai ɗin duk na tebur na bakwai ne. Oga Qiu ya buɗe baki zai yaba, ya fasa.

Tan ya mayar da gilashinsa. Ya zo ya ɗauki ɗaya daga jan kwandon, ya buɗe akwatin gilashin da ba mai taɓawa ya ciro zomon zinariya, ba wanda ya hana shi. Ya je bakin taga ya ɗaga su biyu kusa da juna. Wurin ya yi tsit, har ana jin kunnuwan zomayen suna bugun juna ƙas-ƙas-ƙas a hannunsa. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan ba na kwana uku ba ne," ya ce, bai juyo ba. "Tun yaushe?"

Ta sa hannu a aljihu ta ciro tsinken sakacen. Bakin tsinken ya yi fari fat da fenti. Ta ajiye a kan tebur.

"Shekara biyu."

Bai yi faɗa ba. Ita kuwa faɗan take so, ya zage ta, ya ce ta mai da shi abin dariya, ko ta samu abin riƙewa. Ya mayar da zomon zinariya wurinsa, ya gyara masa tsayuwa, ya rufe gilashin. Ya koma teburinsa ya wanke burushi ɗaya bayan ɗaya kamar kullum, ya sa hannu a takardar Oga Qiu. Layi ya ci gaba da tafiya. Har aka tashi jar fitilar ba ta ƙara kamawa ba.

A bakin ƙofa ta same shi yana jiranta kusa da babur ɗinsu na lantarki, kwalbar barkonon a rataye cikin leda. Ma'aikata na ta wucewa, wasu na gaishe shi ba sa haɗa ido. Ya ciro makulli, ya nufi ramin da shi sau biyu yana kaucewa. Sai ya tsaya yana kallon hannun, kamar yau aka ba shi.

Ya miƙo mata makullin.

"Ke ja mu."

Shekara ashirin da shida tana zama a bayansa, ba ta taɓa koyo ba. Ya sani, ita ma ta san ya sani. Ta karɓa ta jefa a aljihun da tsinken yake zama, ta kama hannun babur ɗin na dama, ya kama na hagu, suka fara turawa.