Biyar Ɗin da Ta Rufe da Tafin Hannu

…sai sittin da takwas. Biyar kenan, nasa sun cika. Tsoho Kuan ya tura takardar cacar keno da fensir zuwa hagunsa, kamar kullum, ga kujerar nan babu kowa a kai. Wa ya tura wa? Kai, tsufa bai yi ba!

Lamba tamanin a takarda, a zaɓi goma, inji ya fitar da ƙwallo ashirin. Shekara ashirin da shida ana haka, kowace Lahadi da hantsi, bayan an sha shayi. Biyar nasa, biyar na matarsa Sou-han. Takarda ɗaya, kuɗinta pataka ashirin, zagaye ɗaya, a tashi. Dokarta ce. Sai ta karɓi fensir, ta kife tafin hannu a kan takardar kamar 'yar makaranta a jarrabawa… "Kau da idonka, tsoho, ko in tsone shi." Ita ke kaiwa a buga, ita ke riƙe tikiti, ita ke dubawa. Shi nasa biyar kawai yake bi a allo. In an ci, gasasshiyar agwagwa. In ba a ci ba — yawanci ba a ci — kunun shinkafa da kifin gishiri, kuma ba wanda ya mutu.

To, yanzu dai an mutu. Jiya kwana arba'in da tara. An ƙona mata gidan takarda, da kuɗin takarda, har da 'yar tukunyar shinkafa ta takarda da 'yarsu ta sayo… da ta gani da ta ce ɓarna ce.

Ga farar ambulan a aljihun kwat. Kuɗin gaisuwa da mutane suka kawo. "Gobe ka kai banki, Baba," in ji 'yar. Bai buɗe ba. Kaurinta dai yake ji a haƙarƙari, duk in ya ja numfashi. Zama kawai ya zo yi, ya ga wuri, ya sha sanyi. Zama kawai… to me ya sa bai bar ta a gida ba?

Abokinsa Vong ne ya fara zuga shi a wurin shayi, Vong mai baki kamar rediyo. "Kuan, mai sabon rashi hannunsa da zafi! Matattu ba sa tafiya ba su bar wa nasu lamba ba. Ka zuba, ɗan'uwa, zuba duka!" Vong, wai. Mutumin da haƙorin zinarensa ma yana gidan jingina.

Hamsin da shida, ɗaya cikin biyar ɗinsa, lambar jirginsa na kamun kifi ce. Shuɗi, sabon inji, yana warin man fenti… Teburin kati a benen gidan cacar nan, kwana biyu bai sauko ba. Ya sauko babu jirgi. Sou-han tana tsugune a bakin ruwa tana shanya ƙananan kifi, ta ɗago ta dube shi, ta ci gaba da shanya. Da ma kuka ta yi, da ya fi sauƙi. Wata uku ba ta ce masa ci kanka ba. Sai wata Lahadi: "Sa takalmi. Tunda ƙaiƙayin ba ya barinka, zo ka sosa a gabana." Keno ta zaɓa, wasan tsofaffi, mai tafiyar hawainiya, sai mutum ya shanye kofi kafin ƙwallon ƙarshe ya faɗo. Ranar kunya kamar ya nutse.

Benen yana nan, can bayan fitilu. Yanzu ma matakalar ce ke tafiya da kanta, mutum ya ɗora ƙafa kawai. Shekara ashirin da shida bai taka ba. Warkewa? Ina! Ko Laraba tafin hannunsa yakan yi ƙaiƙayi. Ya zo har ƙofar nan shi kaɗai, sau biyu, sau uku… ya tsaya yana kallon mai gadi. Da rabin takarda zai shiga? In ya cika da wasu lambobi, ai ba tasu ba ce. In kuma nata suka fito ranar? Sai ya sayi jarida ya koma gida kamar mutumin kirki.

"Kawu Kuan, yaya haƙuri? Saura minti uku a rufe."

Lai-fan ce, mai buga tikiti, ta baro tagarta ta zo har kujerarsa. Ta dubi takardar, ta rage murya.

"Lambobin Goggo na san su. Shekara goma sha ɗaya ina buga su, ko daga barci aka tashe ni zan faɗa. In cika maka?"

Ya ɗago ya dube ta. A ce yau zai sani! Ranar aurensu ce? Haihuwar 'yar? Lambar gidan uwarta? Wane irin roƙo ne bai yi ba… ya saya mata tsefe, ya wanke kwanuka mako guda, ko gezau. A asibiti ma ya tambaya, da wasa-wasa, hannun nan da ya koma kamar tsinke ta kife shi a kan zanin gado. "Kau da ido." Ya yi dariya. Ya ɗauka tsokana ce har ƙarshe.

In ya ji su… goma cif a kansa. Cikakkiyar takarda, tasa shi kaɗai, ba sai an raka shi ba. Lahadi. Litinin ma, me zai hana? Talata. Zagaye ɗaya, sai na biyu don na farko ya kusa, sai na uku… ambulan tana nan, matakala tana tafiya da kanta —

Ashe ba tsokana ba ce.

Ashe makulli ta riƙe duk shekarun nan, a ƙarƙashin tafin hannu, a gaban idonsa, yana ta mata dariya. Muguwar tsohuwa! Ta san shi fiye da yadda ya san kansa, ta kuma tafi da abinta. Haushinta yake ji, kewarta yake yi, duka a lokaci guda.

"Ta farko dai ita ce…"

"Bari, 'yata."

Yaushe hannunsa ya hau takardar? Ga shi nan a kife, baƙi, mai jijiyoyi, ya rufe inda nata za su zauna. Lai-fan ta ɗan tsaya, ta dafa kafaɗarsa, ta koma tagarta. Tana nan gobe. Tana nan jibi. Tambaya ɗaya ce tsakaninsa da su…

An rufe. Inji ya soma juyi. Sittin da takwas ta fito a allo — tasa ce — ya juya hagu zai ce kin gani?

Ƙwallo ashirin za su ƙare yanzu, sai a tashi. Zagaye ɗaya, a tashi. Wa ma zai faɗa masa haka yanzu? Bari dai ya ɗan ƙara zama, hannun bai ɗaga ba tukuna.