Tokar Desmond a Ledar Kare

Yayana Desmond bai taɓa roƙon kowa komai ba yana da lafiya, sai da ya zo mutuwa ya tuna yana da buƙata. Ya ce a ƙona gawarsa, wannan ba wani abu ba ne, haka aka yi wa iyayenmu. Amma sai ya ƙara da cewa a zuba tokarsa a gindin tsohuwar bishiyar da ke bakin tafki a Gidan Maddock, inda yake zama duk ranar Lahadi yana kallon agwagi don kada a sa shi aikin gida. Matarsa Thelma ta riƙe hannunsa ta yi alkawari. Ni ina gefe ina jinsu, kuma tun a lokacin na san da ni za a sha wannan wahalar.

Ni na nace aka binne mafi yawan tokar a maƙabartar coci kusa da iyayenmu, don ba zan yarda a watsa wa agwagi ɗan'uwana gaba ɗaya ba. Ɗansu ya ɗebi nasa kason ya koma Ostireliya da shi. Abin da ya rage wa Thelma bai wuce cikin kofin shayi biyu ba, kuma shi ke nan abin da take da shi na mijinta, in aka cire tulin tsofaffin takalma da karensa Barnaby.

Gidan Maddock kuwa, kakannin masu shi sun tara dukiya ta hanyar da ba a faɗa a gaban yara, jikoki suka cinye, yanzu wata ƙungiya ce ke riƙe da shi. Mu talakawa muna biya mu shiga mu kalli kujerun da aka hana mu zama a kai, mu zaga lambu da karnukanmu, mu koma gida muna jin mun yi hulɗa da manya. Thelma ta buga musu waya ta nemi izini. Wata yarinya mai zaƙin murya ta ba ta haƙuri har ta gaji, sannan ta ce a'a, wai tokar mutum tana ɓata ƙasa. Barewa da tumaki da karnukan rabin lardin nan suna sauke abin da suka ga dama a wannan ƙasar, amma Desmond ne zai ɓata ta.

Dabarar ta Thelma ce, ba tawa ba. A ƙasar nan in kana so kada kowa ya gan ka, ka riƙe igiyar kare a hannu ɗaya, da baƙar leda a ƙulle a ɗaya hannun. Kowa ya san abin da ke cikin irin wannan ledar, kowa sai ya kawar da kai. Ban san ta yanke wannan shawarar ba sai da na shiga motarta ranar Lahadi, na ga ledar zaune a kujerar gaba, har da ɗamarar mota an ɗaura mata.

"Matar yaya, a ledar kashin kare kika zuba shi?"

"Sabuwa ce, Glenys. Kuma biyu na haɗa don kada ta fashe."

Na koma kujerar baya kusa da Barnaby. Na riga na amsa zan raka ta, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

A bakin ƙofa mai duba kati ya gaida Barnaby da kyau, ya tambayi lafiyar ƙafarsa ta baya, ya sosa masa kunne. Shekara da shekaru Desmond yana wucewa ta wannan ƙofar, mutumin bai lura yau babu shi ba. Mu ma ya ɗaga mana kai kaɗan, don mu ne muke riƙe da igiyar.

Ana yayyafi, irin wanda ba ya jiƙa ka a take sai ya bi ka a hankali har cikin ƙashi. Duk wanda muka haɗu da shi a hanya sai ya ce mana yanayi ya yi kyau yau, mu ce ƙwarai kuwa. Barnaby ya tsufa, kunnuwansa na jan ƙasa, kuma sai ya shinshina kowane turke kamar an ba shi kwangilar bincike. Thelma na tafe a miƙe cikin kwat ɗinta na zuwa coci, ledar na reto a yatsanta. Ta yi gaskiya, ba wanda ya kalle ta sau biyu.

Da muka iso tafkin sai muka tarar da amarya da ango a gindin bishiyar ana ɗaukarsu hoto. Amaryar na rawar sanyi kafaɗu a waje, mai hoton na cewa ta yi dariya kamar da gaske. Thelma ta ce ba za ta zuba miji a gaban wadda ta samu nata yau ba. Muka ce bari mu zaga tafkin kafin su gama.

Ana wata ga wata. Barnaby, wanda ko matakalar gida sai an ɗaga shi, ya hangi agwagwa ya tuna ƙuruciya. Ya fizge igiyar ya faɗa cikin taɓo har wuya, ya kafe a nan yana kuka. Ni gwiwata ba ta shiga taɓo, likita ya hana, kuma ina riƙe da lema da filas. Thelma na buƙatar hannu biyu. Sai ta yi abin da kowa ke yi a nan, ta rataye ledar a reshen wata 'yar bishiya a bakin hanya.

Wannan ɗabi'a tamu ce tun fil azal. Mutum ya kwashe kashin karensa tsaf, ya ƙulle, ya rataye a reshe ya ce zai ɗauka in ya dawo, sai ya koma ta wata hanya. Da hunturu in ganye ya zube, za ka ga bishiyoyi sun yi 'ya'ya baƙaƙe a jere. Kowa na tsine wa masu yi, kuma ban taɓa haɗuwa da wanda ya ce shi ne ba.

Muka fito da Barnaby bayan dogon fama, Thelma taɓo har gwiwa. Muna juyowa sai ga Mista Pilbeam tsaye a wurin. Tsohon shugaban makaranta ne da ya yi ritaya ya rasa yaran da zai tsawata wa, sai ya shiga aikin sa-kai a gidan, suka ba shi koriyar riga da bokiti da sanda mai baki ta tsintar shara. Ledar na maƙale a bakin sandar, ya ɗaga ta nesa da jikinsa. Bai kalle mu ba, tafkin ya kalla, ya shiga gaya wa agwagi cewa tun safe yake sauke irin waɗannan daga rassa, kuma wasu mutanen ba su san darajar wuri mai tarihi ba. Kowa ya yi zagi a kasuwa ai ya san da wanda yake.

Sannan ya juyo da ladabi ya ce, "Ko taku ce, Madam?"

Na taka ƙafar Thelma. Magana ɗaya tak ake buƙata: ta ce tata ce, ta miƙa hannu ta karɓa. Amma fuskarta ta yi ja har kunne, mace mai shekara saba'in da ba a taɓa kama ta da laifin ko ajiye mota a inda bai dace ba.

"Yi haƙuri, yallaɓai," ta ce.

"Ba komai, Madam. Ni zan zubar miki."

"Na gode ƙwarai."

Ya jefa Desmond cikin bokitin a kan sauran ledojin ya wuce. Ni kuma mai bakin nan da duk dangi ke tsoro, har murmushi na yi masa.

Muka bi shi daga nesa kamar marasa gaskiya, muna tsayawa muna kallon furanni in ya waiwayo. A ƙarshen hanya, kusa da ɗakin shan shayi, akwai jar garwa mai murfi da hoton kare a jikinta. Ya ɗaga murfin ya juye bokitin gaba ɗaya a ciki, ya kakkaɓe hannu ya tafi. Na ce wa Thelma ta bi shi ta faɗa masa gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Na riga na ce masa na gode, Glenys. Yaya zan koma in ce ban gode ba?"

Ni ma na san ba a yin haka. Sai muka yi abin da mutanenmu ke yi in duniya ta ɗaure musu, muka shiga muka sayi shayi. Thelma ta zauna tana juya cokali a kofin da ba ta sa wa sukari ba, idonta a kan jar garwar ta taga. Ni ina ta zagin Pilbeam da ƙungiyar da yarinyar waya.

Can sai muka hangi ƙaramar motar kwasar shara ta ɓullo daga bayan gidan, tana tsayawa garwa garwa. Thelma ta ajiye cokalin. Ta miƙe ta cire kwat ɗin ta ba ni, ta fita cikin yayyafi tana naɗe hannun riga.

Ban taɓa zaton zan ga wannan rana ba. Matar da ke goge labule da dutsen guga ta ɗaga murfin ta zura hannu har kafaɗa, kumatunta a manne da bakin garwar. Warin kuwa ba zan kwatanta shi ba, don wataƙila wani na cin abinci. Ta rinƙa ciro ledoji ɗaya bayan ɗaya tana matsawa, mai laushi ta ajiye a ciyawa ta sake komawa. Na tsaya a kanta da lema, iyakar taimakon da na iya ke nan. Wasu mata da miji suka zo wucewa da karensu, suka ga komai, sai mijin ya kalli sama ya ce da alama ruwan ya yi sauƙi. Thelma ta amsa daga bakin garwar cewa gaskiya ya yi sauƙi.

Sai na ga kafaɗarta ta tsaya. Ta ciro wata leda, busasshiya, mai ɗan nauyi, tana ƙaras-ƙaras kamar yashi in an matsa. Ta rungume ta a ƙirji ta sauke numfashi. Ni ma na ji daɗi har cikin raina. Ta sunkuya za ta mayar da sauran, don ba za ta bar wa kowa ƙazanta a ciyawa ba, sai hannunta ya taɓa wata a can gefen garwar. Ta ciro ta a hankali. Ita ma busasshiya ce, ita ma biyu aka haɗa, ita ma tana ƙaras-ƙaras.

Ashe ba mu kaɗai ne masu wayo a lardin ba. Wata baiwar Allah ta zo da safe da nata mamacin a leda, ta rataye shi a reshe, Pilbeam ya sauke shi, ta ce masa na gode ta tafi gida.

Muka kwance su muka leƙa. Duk toka ce fara-fara, ba bambanci ko kaɗan. Ledojin iri ɗaya, daga kanti ɗaya. Na tambaye ta wane irin ƙulli ta yi, ta ce ba ta tuna ba. Na ce to mai nauyin ce Desmond, ai mutum ne mai jiki. Ba ta yi dariya ba. Ta tsaya da leda a kowane hannu, hawayen da ba ta yi a coci ba suka zo mata a gaban garwar kashin kare.

"Shekara arba'in da wani abu ina kwana kusa da mutum, Glenys, yau ban san wanne ne shi ba."

Tausayinta ya kama ni ƙwarai, kuma na ji kunyar kason da na ƙwace na kai maƙabarta na bar ta da wannan ɗan abin. Na karɓi igiyar Barnaby na ce mu tafi kafin motar ta iso.

Amarya da ango sun tafi, sun bar furannin takarda a ciyawa, waɗanda su ba sa ɓata ƙasa. Ba kowa a gindin bishiyar. Na tambaye ta yaya za mu yi da ɗayar, ko mu miƙa ta a ofis su yi cigiya.

"Mai ledar ma alkawari ta yi wa wani," in ji Thelma.

Ta durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasa ta juye ta farko a tsakanin saiwoyi, ta ce, "Ga ka nan, Des, na kawo ka." Ta ɗauki ɗaya ledar. Sannan ta juye ta biyun kusa da ita, ta sake faɗin haka nan da murya iri ɗaya.