Ƙumbar Dou Fugen Ta Haihu a Bahona

Dou Fugen, kai ka hana surukaina shan miyata, kuma sai ka amsa.

Shekara talatin kana tsamo ƙumba, dabbar ruwan nan, a magudanar bayan ƙauye, manyan nan masu ɓawo biyu da suka cika ruwan ba wanda ya gayyace su. Ka ce ba ka san abin da ke cikinsu ba? Na faɗa maka iyayen Shufen, matar ɗana, za su zo gidana karon farko. Duk layinmu an san miyata ta ƙumba da awara da citta. Ka zaɓo mini takwas, har da cewa, "Yaya Guilan, waɗannan ƙiba gare su kamar ke."

Na zuba su a baho da ruwa mai tsabta su amayar da laka, yadda ake yi. Ranar zuwan baƙi na ɗauko wuƙa, sai na ga abu yana wulgawa a ruwan. 'Yan kifaye ne, kowanne kamar ƙwayar shinkafa. Ina kallo wata ƙumbar ta furzo uku.

Mijina ya tsuguna kamar ya tsinci zinariya. "Ɗan kifin nan ne mai ja da shuɗi, a cikin ƙumba yake zuba ƙwai. Ajiye wuƙar, tsohuwa."

"To kai zan dafa?"

Shufen, da cikinta wata bakwai, ta leƙo tana dariya da hawaye. "Mama, goyon 'ya'yan wasu take yi. Ni dai ba zan iya sha ba."

Haka baƙi suka same mu, zagaye da baho. Uban Shufen, wanda aka ce mini ba ya murmushi, ya naɗe wando ya zauna a ƙasa yana ƙirga kifayen, ya kai arba'in da ɗaya ya rikice ya sake. Uwarta ta tafa hannu ta ce jikanmu zai zo da goshi. Awara zalla muka ci da shinkafa, har ƙari suka yi. Ni ma na yi dariya, ban musa ba, amma wannan ba ruwanka.

Sun ce za su dawo Lahadi "su gaida kifaye". Kifaye! Miyata ko zancenta ba su yi ba.

Don haka Asabar ka kawo mini ƙumba takwas waɗanda ba kowa a cikinsu, da sabon baho, tunda nawa ya zama ɗakin mai jego. Lahadi kuma ka zo ka tsaya gaban surukaina ka faɗa musu da bakinka laifin waye.